Farashok Mai Gangar Naɗi

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Turawa, lokacin Faransa na riƙe da ƙasar, ina da 'yar rumfar ƙira a unguwar New Bell ta Duwala, bayan layin dogo, a wani lungu da ruwa ke kwanciya ko da rani. Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, mutumin Ngaundare. Na baro gida ina saurayi, da cika baki. Yayata ce ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, kuma ita na tsaya a gabanta na ce ba zan sake taka garin ba sai na zo da abin da za a nuna da yatsa. Ta ce in dai je in dawo lafiya, ita ba ta aike ni neman komai ba. Ban saurare ta ba.

Shekaru suka shuɗe. Abin da na tara a Duwala shi ne uwar maƙera, da zugazugi, da awartaki, da tabarma, da tari da ba ya barina in damina ta kama. Ba wanda ya hana ni hanya. Jirgin ƙasa na zuwa Yawunde, daga nan akwai manyan motoci. Amma mutumin da ya fita da irin maganata ba ya sauka a tasha da ƙullin kaya a hammata, a tambaye shi me ya kawo, ya yi shiru. Kunyar nan ce ta ɗaure ni, ita kaɗai.

Unguwarmu cike take da mutane, sai dai kowa da nasa. Ranar Juma'a a gaisa a ƙofar masallaci, a tambayi aiki, a tambayi ruwa, sannan kowa ya nufi gidan da ake jiransa. Ni in koma rumfa in hura wutar da ba ni da abin sa wa a ciki. Ranar Sallah maƙwabta kan aiko mini da abinci har ya yi yawa, in jera kwanukan a gabana in rasa wanda zan ce wa bismilla. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarun nan, ba zan ɓoye ba.

Mutum ɗaya ne ke zama a rumfata ba don aiki ba. Wani direba ne, Bafillace, shi ma mutumin ƙasarmu, dogo siriri, ya girme ni kaɗan. Ya yi wa wani kamfanin katako tuƙi har ya gaji, sai ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, irin wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Niyyarsa ya riƙa kai gishiri da yadi arewa ta hanyar Yoko da Tibati, ya dawo da fatu da kanwa. Motar na da ƙarfi kamar jaki, amma gabanta a buɗe yake. Ƙarfen da ke tare mata goshi, wanda wasu ke ce wa bamba mu kuma a Duwala muke ce wa farashok, ya daɗe da karyewa.

Wata safiya ya tsaya da ita a bakin rumfa, ya sauko yana shafa mata gaba.

"Maƙeri, farashok nake so. Mai ƙarfi, wanda in ya gamu da kututture, kututturen ne zai ba da haƙuri. Ka sa masa zobe biyu na ɗaura igiya. Hanyar nan potopoto ce, taɓo zalla."

"Wa zai ja igiyar?" na ce.

"To, shi ne. Mutum ɗaya ba ya bin hanyar. In ta kafe, ɗaya na sitiyari, ɗaya na ƙasa yana sa itace yana kiran mutanen ƙauye. Motoboy ɗin da na samu ya ce shi ba ya wuce Yawunde." Ya mai da idonsa kan gawayi. "Da ba don aikinka ba, da na ce ka raka ni."

Ga dalili ya zo har rumfata. Wanda ya sauka daga mota yana aikin mota, ba a tambayarsa me ya kawo. Aiki ne ya biyo da shi, ya leƙo gida. Na ga kaina ina yi wa yayata sallama da baƙin mai a hannu, ina cewa ba daɗewa zan yi ba, direba na jira. Amma mu ba a koya mana mu yi tsalle a kan abin da muke so ba. Sai na juya ƙarfen da ke wuta, na ce, "To, mu gani dai."

Ya ce, "Bon," wato "to" da Faransanci. Muka bar maganar a nan, ni ina ganin an gama.

Da yamma na tarar da wani falke mai shirin tafiya arewa, na ce in ya ga yayata ya gaya mata ƙila ta gan ni tare da motar wane kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ƙila na ce. Amma na san yadda ƙila ke girma a hanya.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Na samo guntun ƙarfen dogo da ya lanƙwashe aka yar, shi zai zama ƙashin bayan abin. Na auna gaban motar da igiya, na zana siffar a ƙasa da tsinke, ruwa ya zo ya share, na sake zanawa a jikin katangar katako da gawayi. Na ce kada ya yi faɗi har ya riƙa kama itatuwa a ƙunƙuntar hanya, don haka na tanƙwara bakinsa biyu suka koma baya. Na ce kada ya yi ƙasa ya riƙa tonon taɓo, na ɗaga shi daidai da ƙashin motar. A samansa na kafa sanduna a tsaye don su tsare lagireto da fitilu, na goge kaifinsu sumul, domin hanyar arewa hanyar shanu ce, kuma direbana ya rantse gara ya fasa fitila da ya yanki saniya.

Shi ke yi mini zuga. Ya naɗe hannun riga ya zauna, yana zuga yana tsokanata, wai maƙera ba su iya komai ba sai cin wuta da baƙin jini. Ni kuma in ce Bafillacen da ya bar saniya ya auri mota ba shi da bakin magana. Ƙarfen dogo taurin kai gare shi. Sai ya yi ja kamar gauta kafin ya yarda a huda shi, kuma ramukan kusoshi ba sa son kuskure ko na ƙwayar gero. Inda wuta ta gaza muka tura shi a amalanke zuwa wani gareji, aka yi mana walda. Da azahar mu ci abinci kwano ɗaya. Na manta rabon da in sa hannu a kwano in tarar da hannun wani.

Zobe biyun da ya nema na gama su tun da wuri. Daga nan ne hannuna ya ƙi tsayawa. Na sha ganin yadda ake jawo kwale-kwalen kaya a bakin kogin Wuri, da ganga ta ƙarfe da ake juyawa tana naɗe igiya. Na ce me zai hana mota ta ɗauki irinta a goshi. Na yanko bututu mai kauri na yi gangar, na kwantar da ita a tsakiyar farashok ɗin. Na fere faifan ƙarfe na fitar masa da haƙora, na yi masa harshe da ɓallen sifirin, yadda in an juya gaba zai wuce, in ya so komawa baya harshen ya tare. Na ƙera handul mai tsawo. Igiyar waya kuwa a wurin masu kayan jirgin ruwa na samo ta, da ƙugiya a bakinta.

Duk lokacin da nake wannan aiki, kaina nake gani a dajin Yoko, ina juya handul, shi yana sitiyari. So nake in ya waiwaya ya ce ashe bai yi zaɓen banza ba. Kyauta ce na yi wa tafiyarmu.

Ranar gwaji muka kai motar wata fadama a ƙarshen unguwa, inda mata ke noman gwaza. Ya shiga da ita da gangan har ta nutse zuwa ciki, ƙafafu na juyawa suna watsa taɓo. Na naɗe wandona, na ɗauki ƙugiya zan shiga.

"Tsaya, maƙeri. Bari in gani da hannuna."

Ya sauko, ya ja igiyar ya ɗaura a gindin wani mangwaro, ya dawo ya kama handul. Harshen ya fara ƙara, ƙas, ƙas, ƙas. Motar ta yi nishi, ta motsa. Ya huta, ba ta koma baya ba. Ya ci gaba. Kafin gumi ya gama jiƙa masa riga tana kan tudu. Ni ina tsaye a gefe, wando a naɗe, ƙafata ko taɓo ba ta taɓa ba.

Ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

"Mersi, maƙeri, mersi! Wallahi ka sauke mini dutse. Tun ran da na yi maka maganar rakiya nake jin nauyi. Na ga ba ka so, kunyata kawai kake ji. Ashe dabara kake yi mana. Yanzu ko ni kaɗai na iya. Ka zauna a kan aikinka, ba wanda zai ɗauke ka."

Na dube shi. Kalma ɗaya ta isa. Amma mutum ya gama yi maka godiya a kan ka cece shi daga roƙonka, ta ina za ka fara? Na ce, "Ai ba komai. Allah ya kiyaye hanya." Na sauke ƙafar wandona.

Ya tafi da sassafe. Kujerar da ke gefensa ya ɗora mata buhun gishiri, ya ɗaure da igiya don kada ya zame. Na ba shi wuƙar yanka kuɓewa da na ƙera, na ce ya kai wa yayata. Na koma rumfa. Zanen gawayin na nan a jikin katanga, na bar shi har damina ta cinye shi da kanta. Na koma yin zuga da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da awartaki, kamar da.

Sai da ruwa ya ɗauke direban ya dawo. Farashok ɗin ya sha duka, sanda ɗaya ta ɗan karkace, amma ko tsagewa babu. Ya zauna a inda ya saba, ya ba ni labarin kowane rami da gangar ta fitar da shi. Na bar shi ya gama, sannan na tambayi yayata.

Ya ce tana tasha ranar da ya isa. Masu tasha sun ce tun da labari ya je take zuwa duk ranar da aka ji ƙarar mota, da kwano a rufe. Ta tsufa, in ji shi, tana dogara sanda. Ta leƙa gaba ta ga buhu. Ta zagaya baya ta ɗaga tampol ta duba. Sannan ta dawo ta tsaya a gaban motar, ta shafa ƙarfen, ta ce wannan bugun gudumar gidansu ne.

"Me ka ce mata?"

"Na ce aiki ya yi maka yawa, kai babban maƙeri ne yanzu a Duwala. Ta ce madalla. Ta ba ni abincin na ci." Ya ɗaga kai ya dube ni da kyau, karo na farko. "Maƙeri, wa ya gaya mata za ka zo?"

Na ce mutane dai da surutu. Na ga ya gane, kuma na ga abin ya yi masa ciwo. Can ya ce tafiya ta gaba ba buhun da zai hau kujerar nan, ko ina so ko ba na so. Na ce to, a wannan karon da sauri.

Ba mu kai ga tafiya ta gaba ba. Motar na gareji ana gyaran injinta wani falke ya yi sallama a rumfata, ya tsuguna, ya yi mini gaisuwar rasuwar yayata. Washegari na hau jirgi zuwa Yawunde, na bi babbar mota, ni kaɗai, da ƙullin kaya a hammata. Na sauka a tashar Ngaundare na bi hanyar gidanmu a ƙasa. Mutane na zaune a ƙofa a kan tabarmi, suka matsa suka ba ni wuri. Ba wanda ya tambaye ni me na kawo.