Rediyon Usman Ya Yi Ƙara

'Yan'uwa, ku ji abin da ya faru yau!

Kun san ƙanena Usman, Allah ya jiƙansa, da ƙananan rokokin da yake harbawa a sahara. Kowacce yakan maƙala mata 'yar na'ura mai aiko sauti zuwa rediyonsa, don ya gano inda ta faɗa. Ta ƙarshe ɓata ta yi. Tun rasuwarsa Umma ta hana a kashe rediyon, kullum yana caji.

Yau bayan la'asar sai ga shi: tit, tit, tit!

Umma ta fito tana salati. "Maryam, kin ji? Usman ne!"

Na ce, "Umma, zauna, hawan jininki!" Ƙarar sai ƙaruwa take. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wallahi da ƙyar na buɗe.

Khalid ne, abokin Usman, rungume da rokar da ta ɓata. Khala yake ce min, wato Anti.

"Khala, wani mai raƙuma ne ya tsince ta. Na sa mata batir kafin in taho nan unguwar Nuzla. Ban san rediyon yana kunne ba."

Umma ta karɓa, ta shafa inda ya rubuta sunansa.

"Ita dai ta dawo," ta ce. "Halas, shi ke nan, Maryam. Kashe shi."