Shayin da Ba a Sha

Shekarun baya, lokacin muna haya a unguwar Hayyus Sabi' a Alƙahira, akwai wani ɗan sauti da nake jiyowa daga falo duk ranar Alhamis bayan la'asar. Ƙas, ƙas, ƙas. A hankali yake fita, kamar ana jan carbi mai manyan ƙwayoyi. Ina kicin ina yanka albasa, in na ji shi sai zuciyata ta yi sanyi, in ce Allah Ya yi wa yaran nan albarka, ga karatu ga zikiri. Ku yi dariya, na yafe muku. Ni ma nakan yi, amma sai na gama cije leɓe.

Ƙanin mijina ne yake zaune tare da mu. Da ya samu gurbin karatu a nan Masar, Hajiyarsu ta bugo waya ta ce kar a bar shi a gidan ɗalibai, ya zauna a gaban yayansa. Na karɓe shi hannu bibbiyu. Yaro ne mai fara'a, baki kamar an shafa zuma. "Matarmu" yake ce min, ni kuma in ce masa angon da ba ya cefane. Ɗana, wanda a lokacin yake shekara tara, ba ya ganin kowa a duniya sai Baffansa.

Duk Alhamis mijina yakan tafi unguwar Ma'adi koyar da 'ya'yan wani gida Alƙur'ani, ba ya dawowa da wuri. Sai ƙanin nasa ya nemi izinin ya riƙa tara abokansa uku a falo suna bitar karatu. Wa zai hana ɗalibi bita? Na share falo, na sa turaren wuta.

Ni kuwa ba na shiga inda maza suke zaune. Haka na tashi a gidanmu, haka nake a gidan mijina, ko muryata ba na so baƙo ya ji. In na haɗa shayi, ɗana nake ba wa farantin ya kai musu.

Abin da ya fara damuna shi ne yawan kiran shayin. Kafin in wanke kofunan farko sai in ji muryar ƙanin mijina, "Ina yarona? Yalla, maza a kawo shayi." Can kuma shiru, ya daɗe bai kira ba, sai kuma ya kira sau biyu a jere. Kofunan kuma su dawo min a cike, sun huce, ba wanda ya kai baki. Na zargi hannuna. Na rage sukari, na ƙara na'a-na'a, na canza ganye. Har wurin maƙwabciyata Bahaushiyar Sudan na je ta koya min nasu mai kirfa da citta. Duk a banza. Ina zubar da shi a wurin wanke-wanke ina jin kunya, wai ɗaliban ilimi sun kasa shan shayina.

Wata Juma'a da safe ina wanke kofuna ina mita ni kaɗai, ɗana yana zaune a bakin ƙofar kicin yana cin aish, burodin Masar, da zuma. Sai ya ce, "Umma, ki daina damuwa. Ai ba don a sha ake kira ba."

Na ce, "To don a yi me?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Baffa ya ce sirrin maza ne."

"Ni na haifi namijin, ka faɗa min."

Ya gyara zama kamar malamin da aka yi wa tambayar da yake so. Wai karta suke yi, foka, amma gajeriya. Ana cire ƙananan, daga biyu zuwa biyar, a ajiye gefe. A ba kowa biyu a hannu, a buɗe uku a tsakiya, sannan ɗaya, sannan ɗaya, kowa ya haɗa na hannunsa da na tsakiya.

"Baffa ya ce a doguwar karta, in ka samu biyu-biyu, kamar goma biyu da tara biyu, kai ne da gari. Amma a gajeriya tarko ne. Tunda an cire ƙanana, sauran duk maƙwabtan juna ne, ba wuya wani ya haɗa biyar a jere, kuma jere ya fi biyu-biyu. In ukun tsakiya a warwatse suke, sai ka zuba da ƙarfi tun da wuri, kar ka bari su ga ta huɗu a ɓagas. In kuma a manne suke, kamar takwas, tara, goma, wani ya ƙara a kanka, to ka ajiye kawai."

Na tsaya da soso a hannu. Yaron da nake fama da shi kan Tabaraka, kullum sai ya tsallake aya, shi ne yake zubo wannan babu gargada.

"To ina shayi ya shigo?"

"Baffa ba ya iya ajiyewa. Ya ce in ya ga biyu-biyu zuciyarsa ba ta yarda. Shi ne yake kirana. In ina zagayawa da faranti ta bayansu, ina ganin hannun kowa. In wani yana da jere, sai in sa wa Baffa cokali a cikin kofi. In babu, in sa a gefe." Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "Ban taɓa kuskure ba, Umma. Ya ce na fi su duka kai."

Na tambaye shi me suke zubawa a tsakiyar. Ya ce wasu 'yan robobi ne masu ƙara, in an tashi sai a canza su da kuɗi. Carbina ke nan.

Ban dake shi ba. Me ya yi? An ce masa yana da kai, an saya masa kushari, shinkafa da taliyar nan ta Masar. Na ce ya je ya yi wanka, ni kuma na zauna a ƙasan kicin. Ni nake hura wutar, ni nake jera kofunan, ni nake ɗora masa farantin in ce ya yi sallama kafin ya shiga. Caca a gidana, ha'inci a cikin cacar, kuma da ɗana aka yi tsani.

Da mijina ya dawo daga masallaci na ja shi ɗaki na faɗa masa. Abin da ya ƙara min wuta shi ne bai yi mamakin kartar ba.

Ya ce, "Na san suna ɗan taɓawa. Na ɗauka wasa ne na rage gajiya. Ni na ce kar a faɗa miki, don na san halinki."

"Halina? Wane hali?"

"Ma'alish, ki yi haƙuri. Maganar kuɗi da ta yaro ban sani ba, wallahi. Zan yi masa magana a hankali. Ki bari ya gama jarrabawa. Amanar Hajiya ce, in ya bar gidan nan da fushi me zan ce mata?"

Na ce, "Abban yara, shi wannan da na haifa maka, amanar wa ce?"

Ya ce zai duba. Na san wannan "zan duba" ɗin. Ranaku suka wuce suna cin abinci a kwano ɗaya, suna hirar ƙwallo. Alhamis ta zo, ya ɗauki jakarsa ya tafi Ma'adi, bai ce wa ƙaninsa uffan ba.

Na kai yara wurin maƙwabciyata, na dawo na ɗora ruwa. Na sa dogon hijabina na zauna a kicin ina jira, ina jin ƙas, ƙas ɗin nan yana sukana a kunne. Na yi salati, na yi istigfari, fushin bai sauka ba. Can sai muryarsa ta taso.

"Ina yarona? Yalla, shayi."

Na ɗauki faranti na yi sallama na shiga. Tun da muka tare a gidan ban taɓa taka falon nan da baƙi maza a ciki ba. Suna zaune a kan kafet, an ture littattafan fiƙihu gefe. Ɗaya ya yi wuf ya sunkuyar da kai. Na kalli tsakiya: takwas, tara, goma.

Ƙanin mijina ya yi dariyar yaƙe. "Matarmu da kanki? Yau za a yi ruwa a Alƙahira."

Na ce, "Yau babu matarku. Uwar yaron ce ta zo."

Na ajiye farantin a gabansa, na ɗaga cokali. "Na ga na tsakiya a manne suke, kuma ka kira shayi. Biyu-biyu ke hannunka ke nan. Wanda yake leƙa maka hannun abokanka ba ya nan. Ga cokalin. Ka tambaye su da bakinka, a cikin kofi zan sa ko a gefe?"

Ba wanda ya motsa. A waje mai sayar da gas yana ta buga tukunyarsa da ƙarfe.

Akwai wani mai tabarau a cikinsu, shi ya fi kowa shiru, shi ne kullum yake cewa ɗana, "A gaida Umma, a ce mun gode." Ya ajiye kartarsa a buɗe, shida da bakwai. Jere ke nan. Ya kalli ƙanin mijina ya ce, "Tun yaushe?"

"Kai ma ka yarda? Wasa ne fa. Anti, wannan lissafi ne, ba ki gane ba, ba sa'a ba ce..."

"In lissafi ne, me ya kai ɗana bayan mutane? Ka san lokacin da ya kamata ka ajiye, kai ka koya masa, ya karanta min tiryan-tiryan. Ka kasa ajiyewa, sai ka ɗauki yaro ɗan shekara tara ka koya masa leƙe, ka ce masa basira ce."

Sannan na juya kan sauran. "Ku ma kar ku ɗauka na zo kare ku ne. Iyayenku suna can gida suna cewa 'ya'yansu na Masar suna karatun addini. Ku kwashe robobinku. Khalas, an gama."

Wanda ya kawo musu wasan, wani ɗan gata da yake zuwa daga Zamalek, unguwar masu kuɗi, a mota, ya ɗauki makullinsa ya fice, ko takalmi bai gama sawa ba. Mai tabarau ya tsaya a ƙofa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Umma, ki yafe mana." Na juya na koma kicin. Da na buɗe baki kuka zan yi, kuma na rantse ba za su ga hawayena ba.

Mijina ya yi fushi. Wai na shiga cikin maza, na tozarta ƙaninsa a gaban abokai. Na ce da shi ya shiga, da ban shiga ba. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙanin nasa ya tattara ya koma gidan ɗalibai. Hajiya ta ji cewa ni na kore shi, ta daɗe ba ta karɓar wayata. Ban faɗa mata dalili ba. Tsohuwa ce mai hawan jini, kuma ɗanta ne.

Abin ya wuce yanzu. Ƙanin mijina ya gama karatu, ya koma gida, ya yi aure. Kafin ya tafi ya zo ya durƙusa ya nemi gafara, na kuma yafe masa don Allah. Amma wasan nan na tsakaninmu ya mutu, "Anti" yake ce min, ni ma sunansa nake kira.

Har yau in na tuna, raina yana ɓaci, kuma ba kartar ce ta fi ƙona ni ba. Sun san ba zan shigo ba. Da kunyata suka yi labule, shi da yayansa, kowa da irin nasa. Kunyar tana nan, ban yar da ita ba, amma na daina tura ɗa inda ban san abin da ake yi ba. Ko malamin unguwa ne a falon, sai na san me ya tara su. Masu cewa na cika bincike su ce.

Ɗana kuwa, na zaunar da shi a wancan makon na yi masa bayani a hankali, cewa leƙa abin da mutum ya ɓoye cin amana ne, kuma laifin ba nasa ba ne. Ya gyaɗa kai, bai yi kuka ba, na ɗauka ya wuce. Sai bayan wasu makonni mijina ya yi baƙi, dattawa biyu da suka zo asibiti daga gida. Na haɗa shayi na miƙa masa farantin, karon farko tun ranar. Ya tafi har bakin falo, ya tsaya, ya juyo.

Ya ce, "Umma, in na shiga, ƙasa zan riƙa kallo, ko in rufe idona gaba ɗaya?"