Ranar da Babur ɗin Kawu Ya Tafi da Baya

Ɗan kawuna, wanda duk dangi ke kira Mai Dalma, tun yana rarrafe ba ya ganin abu mai noti ya ƙyale shi. Ya kwance agogon bango, ya kwance tocilar Inna mahaifiyarsa, an ce har haƙoran roba na kakarmu ya taɓa jujjuyawa yana neman inda batir yake. Da ya girma sai ya kama wani shago da bai fi faɗin tabarma ba, yana gyaran rediyo da caja, yatsunsa duk tabon ƙuna. Mahaifinsa, Kawu, bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sana'a ba. In aka tambaye shi aikin ɗansa sai ya ce, "Yana can yana gasa yatsu."

Kawu na da wani tsohon babur, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai, wanda in ya wuce sai sauron unguwa ya yi ƙaura. Wata rana akwatin wutarsa ya ƙone, wato ɗan abin da ke gaya wa fulogi lokacin da zai yi tartsatsi. Aka zaga kasuwa ba a samu irinsa ba. Babur ya kwanta a tsakar gida har kaza ta fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Kawu ya gaji, ya ce mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ranar Asabar ya auna shi.

Abin ya tsaya wa Mai Dalma a rai, don a kan tankin babur ɗin nan aka riƙa kai shi makaranta. Ya rantse sai ya ƙera akwatin da hannunsa. Ya samo wani baƙin aisi mai ƙafafu takwas, ɗan ƙanƙanin abin nan irin na cikin rediyo, wanda aikinsa shi ne ya saurari sensar da ke jikin injin, ya ba da umarnin tartsatsi a daidai lokaci. Ya haɗa komai cikin robar sabulu.

Matarsa ta leƙa ta ce, "Maigida, wannan kyankyason ne zai tayar da babur? Kuma ina ka zubar min da sabulu?"

Sensar tana da wayoyi biyu, duk sun koɗe sun zama kala ɗaya. Shi kuwa mutumin rediyo ne: wayar lasifika ko ka juya ta magana take yi. Bai ko tsaya aunawa ba, ya liƙa su yadda hannunsa ya kama.

Ranar Asabar da hantsi mai tsohon ƙarfe ya iso da baro da sikeli. Mai Dalma ya ce, "Baba, a ba ni bugu ɗaya." Ya taka kik, kik ya dawo ya dake shi a ƙauri har ya ga taurari da rana tsaka. Amma sai ga injin ya kama, tatatata, hayaki ya turnuƙe gidan!

Bakin Mai Dalma ya ƙi rufuwa. Kawu ya ture shi gefe, ya tattare riga, ya haye yana cewa, "Matsa, ka san hawa ne?" Ya fuskanci ƙofa, ya sa giya, ya murɗa mai, ya saki kuloci.

Babur ya tafi da baya.

Wallahi da baya, kamar an ɗaure shi da igiya an fizga. Mai Dalma yana tsaye yana kallon fuskar ubansa tana yin nisa, ido waje, baki buɗe, ba sauti. Igiyar shanya ta cire wa Kawu hula, zanen Inna ya rufe masa kai, babur ya bi ta kan kwanukan wanke-wanke ya je ya zauna cikin duron ruwa. Inna ta saki tsintsiya tana salati. Mai tsohon ƙarfe ya bar sikelinsa ya haye katanga.

Mai Dalma ya ruga wajen duron. A lokacin abin ya faɗo masa: wayoyin nan! Da ya juya su, tartsatsi ya riƙa zuwa kafin lokaci, ya tura injin baya, irin wannan injin kuwa bai damu da wace hanya yake juyawa ba. Tasa ta ƙare, in ji zuciyarsa. Yau da shi da babur za a ɗora a sikeli.

Ya yaye zanen. Duro ya kife, Kawu na zaune cikin taɓo, jiƙe sharkaf, yana numfashi sama-sama.

"Baba, ka yafe ni, wayoyi biyu ne na..."

"Kai!" in ji Kawu. "Abin cikin robar sabulun nan, kai ka haɗa shi? Kai kaɗai?"

"Ni ne, Baba."

Kawu ya share ruwa daga fuskarsa. Sannan ya ɗaga kai wajen katanga ya ce, "Malam, sauko ka kwashi baronka. Abin da ke da ƙarfin jefa ni cikin duro bai kai a auna shi ba."

Ya miƙa hannu ɗansa ya ɗaga shi, yana dafe da ƙugu. "Je ka ɗauko dalmarka ka juya su, ina nan ina kallo. Amma gwaji na gaba kai za ka hau, ni kuma ina cikin ɗaki."