Maɓallin Malam Iro

Duk wanda ya san Malam Iro makaniki a Garwa ya san ba ya gaida mutum sai ya gaida motarsa. Kana tsayawa a bakin garejinsa zai durƙusa ya shinshina ƙarƙashinta, sannan ya miƙe ya ce, "Ba ta yoyo. To, ina kwana?"

Ni dillalin shanu ne, abokinsa tun muna samari, kuma tsohuwar motata ta sha hannunsa. Da famfon fetur ɗinta ya mutu, na kawo na lantarki daga Yawunde ina ta taƙama. Ya jujjuya shi ya ce, "Tanko, wannan ba shi da kunya. Inji ya mutu, shi yana nan yana tuttula mai. In ka kife, da kai za a yi balangu."

Sai ya haɗa wayar famfon da abin da ke auna ƙarfin baƙin mai, yadda inji na tsayawa, famfo ma ya tsaya. Ya ƙara wani maɓalli da za ka danna da safe, mai ya hau kafin ka tayar. Sayen sabon maɓalli kuwa, a wurinsa almubazzaranci ne. Nawa daga rediyon matarsa, Inna Hadiza, ya ciro. Sati guda tana neman abin kunna rediyonta, ranar da na rage mata hanya zuwa kasuwa ta gan shi.

"Malam Tanko, wannan ba nawa ba ne?"

"Naki ne, Inna."

"To danna mu ji labarai."

Wani babban ɗan kasuwa ya taɓa kawo mota a gyara masa ham, wato oda, kawai. Malam Iro ya ga famfon lantarki, ya jefa makullin a aljihu, ya ce sai gobe, sai ya haɗa masa irin wayar da ya haɗa mini. Alhajin ya fusata, ya dawo da jandarma. Malam ya zaunar da jandarman a benci, ya yi masa bayani da Fulatanci, da Hausa, da gurgun Faransancinsa. Washegari sai ga jandarman da motar surukinsa.

Mun daɗe muna tsokanarsa, har wata damina da nake dawowa daga Rai Buba. Garken shanu ya faɗo mini a kwana, na kauce, mota ta kife a rami. Ƙafata ta maƙale, ga warin fetur, ga inji da zafi. Na kasa kunne ina jiran kukan famfon nan, na ji shiru. Ban taɓa jin shiru mai daɗi irin wannan ba. Makiyayan ne suka zaro ni.

Malam Iro ya iske ni a asibiti da yamma, rigarsa duk taɓo. Ashe ramin ya fara zuwa.

"Wayar ko gezau ba ta yi ba," in ji shi.

"Ƙafar tawa fa, Malam?"

"Ita ba ni na haɗa ta ba."

Ya faɗa yana dariya, amma ya juya wajen taga ya daɗe yana goge ido da hularsa.

Jikokina tara yanzu, babu wanda ya riske shi. Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya sanyaya makwancinsa, Ya tsare shi daga wuta kamar yadda ya tsare mu.