Yadda Kwamfuta ta Mai da Malam Kabo Ɓarawon Darasinsa

Malam Kabo mutumin Kafin Soli ne, kuma tun yana da gashi a ka yake koyar da ilimin noma a wata kwaleji a Kankiya. Ba shi da mota, bai gina bene ba, gonar gado ma ƙannensa ke nomawa. Abin da ya mallaka a duniya, kuma yake tinƙaho da shi, darasinsa ne na ajiyar gyaɗa. Shi ya ƙaga abinsa, a ka yake riƙe da shi, yana yi wa ɗalibai shifta. Dokarsa guda ce: yadda ya ba ka haka za ka maido masa, ka rubuta sunanka a sama. Wanda ya canza kalma don nuna iyawa, sifili na jiransa. A wurinsa wannan ne ladabi, don kuwa haka aka koya masa hadda a zaure.

Ana nan sai kwalejin ta shigo da sabon tsari. Ɗalibi zai tura aikinsa ta intanet, malami ya duba a kwamfuta ya ba da maki, wata manhaja kuma ta bankaɗo satar rubutu. Haulatu, ma'aikaciyar ɗakin kwamfuta, ita aka ɗora wa koya wa malamai. Ta sha fama da Malam Kabo, mutumin da ke danna maɓalli kamar mai murtsuke kuɗin cizo.

Da aikin farko ya shigo, gefen kowane suna ya yi jawur, kashi casa'in da wani abu. Malam Kabo ya washe baki.

"Ban hwaɗa maki ɗalibaina haziƙai ne ba? Ga shi har injin ya sheda."

"Malam, ba maki ba ne," in ji Haulatu. "Cewa take sun kwafa."

"To da mi na sa su yi?"

"Ai ba daga wurinka ta ce sun kwafa ba."

Ta juyo masa kwamfutar. Ga darasinsa nan kwance a wani shafin intanet, daga farko har ƙarshe, da sunan Mamuda Dawuda na Kusada a sama. Mamuda! Tsohon ɗalibinsa da ke zama a bencin baya yana gyangyaɗi.

Malam Kabo ya ce sam, injin bai san mai abu ba ne. Ya miƙe tsaye ya karanto darasin da ka, Haulatu ta buga ta tura da sunansa. Manhajar ba ta ji kunyar furfurarsa ba, ta shafe shi da ja, ta ce duk na Mamuda ne. Kafin azahar labari ya gama ofishin malamai. Malam Shehu na lissafi har rungume takalmansa yake yi in ya hango shi a ƙofar masallaci. Malam Kabo ya yi dariyar yaƙe, amma abin ya ci masa rai ƙwarai. Abu ɗaya tak gare shi, shi ma an ce na wani ne.

Washegari ya hau acaɓa sai Kusada, yana jera baƙaƙen maganganu a ransa duk tsawon hanya. Ya iske Mamuda a cikin aji a wata sakandare, sai ya laɓe jikin taga. Muryar ta Mamuda ce, amma sauran duk na Malam Kabo ne. Inda yake gyaran murya, nan Mamuda ya yi. Har barkwancin ɓeran Kunduru da ya yi ƙibar da rami ya ƙi shi bai bari ba, yara kuma suka kece da dariya daidai inda nasa ke yi. "Haka Malam Kabo ya ba mu," in ji Mamuda, "haka za ku maido mani." Idon tsohon ya ciko, ya kuma ji haushin kansa da ya bari ya ciko.

Da Mamuda ya hango shi sai ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Kai, ɓarawo," in ji Malam Kabo. "Mi ya sa ka liƙa sunanka bisa darasina?"

"Allah gafarta Malam, don yara su samu a waya na sa shi. Kuma kai ka koya muna: a maido yadda aka bayar, a rubuta suna a sama."

Malam Kabo ya laluba maganganun da ya jero a hanya, ko ɗaya bai samu ba.

"Da haka ka yi a aji da ba ka maimaita shekara ba. Ciro wayar taka."

Nan take Mamuda ya goge sunansa ya sa na malaminsa. Har yau aikin ɗaliban Malam Kabo jawur yake fitowa, shugaban kwaleji na ta faɗa. Shi kuwa ya sa Haulatu ta buga masa sakamakon a takarda, ya manna a ƙofar ofishinsa, daidai inda Malam Shehu ke wucewa. Injin ya ce duk ajin ɓarayi ne, amma ya faɗi wanda suka yi wa satar.