Eguono da Wutar Kamfani

Shekara talatin da ɗaya Eguono, matar marigayi yayana, ta yi tana shiga gindin wutar kamfani, kuma a shekarun nan ban taɓa ganin ta da cikakkiyar gira ba, kullum wuta ta lashe ta. In na tsokane ta sai ta ce, "Mijina, kai da kake da gira har biyu, me suka taɓa sayo maka?" Haka take kirana tun ranar da aka kawo ta gidanmu, ina ɗan aji uku.

Wutar ta riga Eguono zuwa garin. Tun da aka haƙa rijiyoyin mai a bayan gonakinmu ake ƙona iskar gas ɗin da ke biyo man, a bakin wani ƙaton bututu da ke kwance a ƙasa. Matanmu suka ga zafi yana tafiya a banza, sai suka kai masa kpokpo gari, gogaggen rogon da muke busarwa mu ci da gyaɗa. Da damina rogon da aka goga yakan kwana huɗu a shanya, ƙarshe ya yi funfuna. A gindin wutar kuwa, kafin ka cinye tuwon sitaci da miyar banga ta kwakwar manja ya bushe rumus.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma Eguono ce mai koyar da ita. Za ki tsoma zane a ruwa ki lulluɓa har ka. Za ki duba inda iska ta karkata harshen wutar, ki bi ta ɗaya gefen. Ki dire faifanki, ki juyo, kada ki tsaya gyara. Wadda ta tsaya gyara ta koma gida da fatar hannu a saɓule. Da wannan aikin ta yi hidimar binne mijinta, da shi ta kai 'ya'ya huɗu makaranta, kuma mata wajen arba'in suka maishe ta shugabarsu.

Sai ga mutanen gwamnati da na kamfani. Suka ce hayaƙin yana ɗumama duniya, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan ba ya tsirowa kamar rogo, in ya ƙare ya ƙare. Don haka za a daina ƙonawa, a ja gas ɗin ta bututu zuwa tashar lantarki. Kowa ya dangwala yatsa bututun ya bi ta gonarsa, saura mutum ɗaya. Gonar Eguono ce kaɗai tudu tsakanin fadama biyu, babu wata hanya sai ta nan. In ta dangwala, wuta ta mutu, sana'arta da ta mata arba'in ta bi ta.

Ta ce ba za ta dangwala ba. Wata biyar ana zarya.

Ranar wata kasuwa da yamma aka tara mu a ɗakin taron gari. Wani jami'i mai farar riga ya yi bayanin ƙanƙarar da ke narkewa a wata ƙasa mai nisa. Eguono ta bari ya gama, ta miƙe.

"Ɗana, ƙanƙarar nan 'yar uwarka ce? Ni ban san ta ba. Wutar nan na sani. Kun ce tana kashe mutane, ga ni, shekara talatin, ko na yi maka kama da gawa?"

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, har tarin nan nata ya taso, ta dafa benci sai da ya lafa.

Daga baya sai Mama Ochuko ta yi magana a zaune. Ƙawar Eguono ce, tare suka fara shiga wuta, amma shekara biyu ke nan ciwon ƙirji ya hana ta fita ko bakin rafi, ranar ma ɗauko ta aka yi.

"'Yar uwa, in tambaye ki."

"Tambayi, tsohuwa. Ashe kina da sauran murya."

"Faifai biyun nan da kike ɗorawa a kan rufin kicin ɗinki kullum, na wa ne?"

Mama Ochuko ta ba kanta amsa.

"Na gida ne. Rana kike bari ta busar da shi, ko zai kwana huɗu. 'Ya'yanki ba su taɓa cin na wuta ba, jikokinki ma haka. Ban ce kin yi laifi ba, ni ma haka na yi. Duk wadda ke ɗakin nan haka take yi. Na wuta na kasuwar Ughelli ne, na 'ya'yan wasu."

Ni kaina shekara da shekaru ina cin kpokpo garin gidan da gyaɗa, ban taɓa tambayar dalilin da ba ya warin hayaƙi ba. Babu macen da ta ɗaga kai. Jami'in ya buɗe baki zai ƙara bayani, dagacinmu ya ɗaga masa hannu ya yi shiru.

Eguono ta ce wa Mama Ochuko, "Ke dai bakinki bai kamu da ciwon ba." Ta juyo gare ni. "Mijina, karanta mini takardar nan. Duka, har ƙananan rubutun."

Na karanta. Akwai alkawarin injin busar da rogo ga ƙungiyar mata, da lantarki ga gari. Ta tambayi jami'in yaushe. Ya ce nan ba da daɗewa ba. Ta ce ta san wannan ranar, tun tana amarya ake jiran ta. Duk da haka ta miƙa babban yatsanta. Sau uku ana dangwalawa bai fito ba, faifai masu zafi sun cinye zanen yatsan. Sai da aka koma ƙaramin yatsa.

An kashe wutar damina biyu da suka wuce. Lantarkin ya bi ta kanmu a waya ya tafi birni. An gina ɗakin injin, an yi masa fenti mai kyau, awaki suna jin daɗin inuwarsa. A cikin mata arba'in, bakwai suka rage a sana'ar, sauran sun koma sana'ar kifi ko sun bi 'ya'yansu Warri. Wasu har yau ba sa gaishe ta.

Na tambaye ta kwanan baya ko ta yi nadama. Tana durƙushe a tsakar gida tana juya rogo a rana, ido ɗaya a kan hadarin da ya haɗo daga gabas.

"Wata rana ina yi," ta ce. "Yau ba ni da lokaci."