Inda Mata Ke Tsayawa

Na dawo Bagudo da gwiwa mai ciwo, bayan na ƙare ƙuruciyata ina aikin tafinta a ƙasashen mutane. Dandanci, harshen Dandawa, na tashi da shi, domin rabin danginmu suna tsallaken iyaka a Benin. Faransanci da Larabci da Turanci kuwa neman abinci ne ya koya mini su. A gida ba wanda ya rage mini sai yayata, wadda iyakar tafiyarta a duniya kasuwar Dole Kaina ce.

Garin da aka haife mu ya tashi tun muna yara, da rijiyoyinsa suka ƙafe. Kufai ne yanzu, dab da iyaka: tudu mai faɗi, tsingaro ko'ina, da kashin maƙera da ruwa ke tonowa duk damina. A gabashin tudun makabarta take. Innarmu ce ta ƙarshe da aka sa a can, don ta roƙa a mayar da ita kusa da iyayenta. Na ga kaburbura masu ƙubba a Masar, na ga na Faransa da sunan mai su a jikin dutse. Namu fasasshen tulu ake kifawa, damina kaɗan ta shafe shi, sai wanda ya sani ya sani.

Wata shekara mutanen jami'a suka zo suna bin tsofaffin wurare a bakin iyaka. Suna da wata na'ura kamar wayar hannu mai magana da tauraron ɗan adam. Inda ka tsaya ka danna, sai ta ba wurin lamba, lambar ta zama ɗigo a taswirar da ke rumbun bayanansu. Duk mai son yin hanya ko dam zai duba taswirar ya kauce wa ɗigon. Na taɓa ganin irin wannan ɗigo ya tsayar da katafila a wata ƙasa, shi ya sa na matsa wa yayata ta kai su kufanmu. Da farko ta ƙi, ta ce abin da aka ɓoye shi ke daɗewa. Na ce mata zamanin nan abin da ba ya cikin taswira shi ake takawa. Ta ce to, tunda mai yawon duniya ya faɗa.

Mai riƙe da na'urar wata yarinya ce da iyayenta suka zo daga kudu, mahaifinta yana da kemis a cikin gari. Kirista ce, a nan aka haife ta, Hausarta ta Kabi ce tsantsa. Yayata ta so ta tun gaisuwar farko. Ta ce mata, "Ɗiyata, Hausarki ta hi ta ƙanen nan nawa daɗi. Tashi warin jirgi takai."

Mota ta tsaya a bakin rafi inda hanya ta ƙare. Gwiwata ta hana ni tsallakawa, na zauna a inuwa. Mazan tawagar suka nufi wani tudu daban da ƙaramin jirginsu maras matuƙi, matan biyu suka shiga daji su kaɗai. Da suka dawo suna ta dariya, yarinyar ɗauke da takalman yayata a hannu. Ta nuna mini ɗigon, ja, da jerin lambobi a ƙasansa. Na ga lamba, hankalina ya kwanta.

Abin da ya faru a can sai daga baya na haɗa shi daga bakin su biyun. Kafin a kai gabashin tudun akwai wata tsohuwar kaɗanya. Da suka kai gindinta yayata ta tuɓe takalmi, ta ce sun iso, ta ɗaga hannu tana addu'a. Yarinyar ta jira cikin ladabi har ta shafa, sannan ta tambaya, "Mama, nan ne?" Yayata ta ce nan ne. Sai ta danna.

Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Matanmu ba sa shiga makabarta, kuma ba a nuna kabari da yatsa. Gindin kaɗanyar nan ziyarar mace ke ƙarewa, nan kakarmu ta tsaya, nan Inna ta tsaya tana raye. Ga yayata, wurin ke nan. Kaburburan kuwa suna can gaba, bayan ƙirjin tudun, nisan da sai mai ƙarfin hannu zai kai jifa. Yarinyar ta ga tsingaro a ƙarƙashin itacen ta ɗauki hoto. Hoton sama ma bai nuna komai a gabas ba sai sabara. Ni da na san mata ba sa shiga, ban taɓa raka su ziyara ba, ban san inda suke tsayawa ba.

Bayan wasu damuna aka fara gyaran hanyar da ta bi ta yankin, masu kwangila suna neman marmara. Wani ɗan'uwanmu manomi daga wajen Geza ya zo mini da rana, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi gwiwata har sau ba adadi, sannan ya ce gara in je kufai in gani da idona.

A bayan babur muka je, ni da yayata. Masu kwangilar sun duba taswira, sun kuma cika alkawari. Sun kewaye kaɗanyar da ginshiƙan siminti, sun shafa musu farin fenti, ko reshe ba su karya ba. Daga bayan ginshiƙan tudun babu shi. Rami ne mai faɗin fili, ruwan sama ya cika shi, ja kamar an jiƙa kanwa da goro. An kwashe gabashin duka an shimfiɗa a hanya. Wataƙila ta kansa babur ɗinmu ya biyo.

Yarinyar ta ji labari ta same mu a can. Ta durƙusa gaban yayata tana kuka, tana cewa da ta ƙara tambaya ɗaya. Yayata ta ɗaga ta, ta ce tambayar da ta yi daidai ce, amsar ma daidai ce, Allah bai nufa ba. Yarinyar ta buɗe kwamfutarta a kan ginshiƙi ta ce ana iya gyara bayanin. Ta ja ɗigon da yatsa, ya zame daga itacen ya faɗa tsakiyar ramin, cikin sauƙin da ya sa na kau da kai. Ta tambaye ni da Turanci, a hankali don kada tsohuwa ta ji, ko ta rubuta cewa wurin ya salwanta.  Na ɗaga mata kai kawai.

Yayata ta tuɓe takalmi a gindin kaɗanyar kamar kullum. Ta tsaya jim kaɗan. Sai na ga ta ratsa tsakanin ginshiƙai ta ci gaba da tafiya, ƙafa ba takalmi a kan tsakuwa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce itacen nan ta nufi makabarta ba. Na bi ta ina ɗingishi har bakin ruwan.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Kai da anka shiga da kai rannan, ta ina anka aje Inna?"

Na tuna akwai wani itacen geza a wajen kanta, da gidan tururuwa a dama. Na duba, babu geza, babu tururuwa, ruwa ne shimfiɗe iri ɗaya daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Nuna min ko da yatsa na," in ji ta. "Yanzu ba laihi."

Na ɗaga hannuna. Ta tsaya tana jiran inda zai nufa.